Babu Ƙorafi

A fayil ɗin Saje an rubuta cewa raunin da ya samu a ƙwaƙwalwa mai sauƙi ne. Wanda ya rubuta hakan bai taɓa zama gida ɗaya da shi ba. Matarsa ce ta san irin sauƙin. Shekara biyu ke nan da bam ya tashi da motarsu a bakin daga, ya dawo gida ko ƙwarzane babu, amma sai ya ajiye makulli a firij, ya nemi sunan jikarsa ya rasa, ƙarar cokali a kan faranti ta sa ya dafe kai da hannu biyu. Kullum da safe kuma shayi kofi biyu yake haɗawa, ya sha ɗaya, ya bar ɗaya ya huce. Kofin nan yana ba ta tsoro, amma ta daina tambaya, wankewa kawai take yi.

Asibitin tsofaffin sojoji yana da doka: wanda aka duba sau uku a jere aka rubuta ba shi da ƙorafi, a rufe fayil ɗinsa, a karɓe katinsa na maganin kyauta. Saje ya riga ya yi biyu. Da ya ga likita cikin kaki sai ya miƙe ƙyam, ya ce babu ƙorafi, likita kuwa ya rubuta abin da ya ji. Matar ta tambayi kuɗin maganin a kanti, ta tarar na wata ɗaya zai lashe rabin fanshonsa. Yau ce ta uku.

Suna zaune a ɗakin jira, kan kujerun roba da aka ɗaure da juna, talabijin na ta yi babu murya. Ta zaro takardar da ta rubuta duk abin da ke damunsa, ta ɗora masa a cinya.

"Saje, don Allah yau ka faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Bai kalli takardar ba. Kujerar da ke gefensa yake kallo, wadda babu kowa a kai. Can ya fara magana a hankali, kamar da kujerar yake yi.

"Ranar da bam ɗin ya tashi, wuri ɗaya ya rage a motar asibiti. Mai ba da agaji ya tambaye ni, na ce kaina na ciwo. Ya tambayi Dogo, direbana, ya ce lafiyarsa lau, a tafi da Saje. Ya jingina da bango yana mini dariya. Ashe jini ke zuba a cikinsa. Kafin motar ta dawo ya cika. Ciwon kai fa na ce. Da ciwon kai na ƙwace masa wuri."

Sai yanzu ta san mai kofi na biyu. Tausayinsa ya kama ta, haushi ma ya kama ta, don Dogo ya tafi da nasa, mijinta kuma yana neman jefar da maganin da ke riƙe da shi.

Aka kira lambarsu.

Likitan kyaftin ne, sa'an ɗansu na fari, gajiya ta cika masa ido. Fayil na buɗe a gabansa, hatimi na kusa da hannunsa na dama. Kujeru uku ne a gaban teburin. Saje ya ƙi zama, ya haɗe ƙafafu, ya miƙe.

"Baba, ya jikin?"

"Babu ƙorafi, yallaɓai."

Likita ya sunkuya zai rubuta. Matar ta san in ta tsoma baki, Saje zai ƙaryata ta a gaban hafsa, kuma maganar mai jiki ake ɗauka. Amma shekara ashirin da shida ta yi a barikin soja, ba a banza ta yi zaman ba. Ta sha ganinsa a filin fareti da safe. Saje ba ya kai kukan kansa, amma bai taɓa ɓoye ciwon yaransa ba.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "kada ka tambaye shi jikinsa. Ka ce ya ba ka rahoton mutanensa."

Likita ya ɗago ya dube ta, ya dubi tsohon. Shi ma soja ne, bai nemi ƙarin bayani ba. Ya gyara zama, ya sauya murya.

"Saje, rahoto."

"Mutum biyu, yallaɓai." Muryar ta fito da ƙarfi, irin wadda ta manta yana da ita. "Na farko ciwon kai kullum, kunne na ƙara, ido ba ya son haske. Yana ɓata a layin gidansu. Jiya ya daka wa matarsa tsawa a kan cokali, ya shiga banɗaki ya yi kuka."

Ba ta san da kukan ba. Ta danne bakinta da gefen mayafi.

Likita ya ture hatimin gefe da bayan hannu, ya buɗe sabon shafi, ya yi ta rubutu har ya kusa cika shi. Ya ce za a ci gaba da magani, za a kuma haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa. Ya miƙa wa matar katin, ta damƙe shi a tafin hannu.

"Na biyun fa, Saje?"

Saje ya juya ya dubi kujera ta uku.

"Ya ce lafiyarsa lau, yallaɓai. Kada ka yarda. Shi za a fara dubawa."