Akuyar Ummulkhairi

Shekarar da gwamnatin farar hula ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu, ita ce shekarar da ruwa ya ɗauke a Mandera tun gero bai fid da kai ba. Ummulkhairi, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku, ta leƙa rumbu ta ga ƙasansa. Abin da ya rage mata a duniya jar akuya ce guda ɗaya, ga ta da ciki. Idan ta sayar a ci tuwon sati biyu, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Ta ja ta zuwa kasuwar Shagari, wurin Ɗanbaba mahauci. Ya tsuguna ya lallatsa cikin akuyar, ya miƙe yana kakkaɓe hannu.

"Akuyag ga ciki gare ta. Ba ni saye."

"Nama kaka so ko ɗiya?"

"Ribata ga hwata take. Malam Mukhtari na Boɗinga shi ka amsah hwatuna, kuma bai amsan ta mai ciki. Da ya ɗaga ta shina ganewa."

Ummulkhairi ba ta da dogon haƙuri, kowa ya san ta. Ta cusa akuya a a-kori-kura ta hau, tun daga Shagari har Boɗinga tana tsine wa mutumin da ba ta taɓa gani ba. Mai ƙoshi ne kawai, in ji ta, zai tausaya wa akuya ya bar marayu da yunwa.

Ta same shi a wata doguwar rumfa, dukawa da teloli suna ɗinka takalma da jakunkuna da rigunan fata, kowanne da tambarin kan akuya. Tsoho ne siriri, hannuwansa sun rine. Ta zazzage masa duk abin da ke cikinta, ya bari sai da ta gaji don kanta.

"Kin gama? To ba ni saye, don in na saye rai ukku anka yanka," in ji shi. "Amma akwai bagaruwa wajenku?"

Tambayar ta ba ta haushi. Bagaruwa a Mandera ai don yawa har shinge ake yi da ita.

Ya nuna mata ramukan jima. Da 'ya'yan bagaruwa yake jeme fata. Wasu majema sun koma maganin kanti, ruwansa kuma in ya gangara fadamar Danchadi sai albasa ta ƙone. Shi bai taɓa yarda ba, ga shi masu kawo masa bagaruwa sun tafi ci-rani.

"Ki tsinto wadda ta hwaɗo, kak ki sari reshe. Ranad da kinka kawo, ranan nika sallamak ki."

Ya sa aka ba akuyar dusa da ruwa, ita kuma ya auna mata gero ta tafi da shi. Ta karɓa ba godiya, don har lokacin zuciyarta ba ta huce ba.

Haka ta yi ta tsinta, ƙaya tana yagar mata zane, buhu bayan buhu. Tuwon dai ba na a zo a gani ba ne, amma ba a taɓa kwana da wutar murhu a mace ba. Bayan wata biyu, wata safiya ta ji kuka a turke. Tagwaye ne, duka mata, jajur da su. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta, don ta tuna hannun Ɗanbaba a kan cikin nan.

Ranar kasuwa ta shiga rumfar Malam Mukhtari ta durƙusa, kunya ta ishe ta.

"Malam, ta haihu biyu. Na zage ka tun daga Shagari hab Boɗinga. Ka yahe min, Allah shi saka maka."

Tsohon ya ɗago daga fatar da yake karta, ya dube ta.

"Na yahe. Uwat tana cin abinci?"