Gahawar Yaya Lado

Yaya Lado bai taɓa yi wa Baba ƙarya ba, wannan ni shaida ce. Shekarar da ya tafi Khartum, abin da ya faɗa a waya shi ne ya samu aiki a wani kamfani mai rassa bakwai, kuma an ɗora shi a kan inji. Baba bai tambayi wane irin inji ba. Washegari a kasuwar riɗi ta Gadarif ya gaya wa abokansa ɗansa muhandis ne, wato injiniya. Bayan shekara biyu, ba tare da kowa ya ce masa komai ba, ya ƙara masa girma. Kafin yaƙi ya ɓarke cikin azumin 2023, Yaya Lado ya riga ya zama mudir a bakin Baba, shugaban kamfanin gaba ɗaya, har da direba.

Ya iso gida bayan sallah da kwana tara, a bayan motar albasa daga garin Fau, da riga ɗaya a jikinsa da baƙar leda a hannu. Ni na buɗe ledar don in wanke masa kaya. Babu komai ciki sai wando da wata 'yar butar ƙarfe mai siririn baki, ba murfi.

"Wannan fa, Yaya?"

"Ta wurin aiki ce, Atika. Ajiye ta inda Baba ba zai gani ba."

A nan ya gaya mini. Injin na gahawa ne. Shekara shida yana tsaye a bayan kanta yana haɗa wa manyan Khartum wani abu da ake ce wa latte, gahawa mai kauri da madara mai kumfa. Ya ce sau da yawa ya so ya gyara maganar, amma duk ƙaramar sallah idan ya zo sai ya tarar an ƙara masa muƙami, gyaran ya ƙara nisa.

Babanmu, Haj Mijinyawa, manomin riɗi ne da dawa, gonarsa tana kan hanyar Showak. Mutum ne mai dokoki. Ɗaya daga ciki ita ce namiji ba ya shiga madafa. Wata kuma ita ce da hantsi Inna za ta kawo masa jabana, baƙar gahawa mai citta a 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya, shi kuma ya zuba sukari cokali uku a finjalin da bai fi rabin ƙwai ba. Shekara arba'in yana haka. Da farkon damina ƙafafunsa suka fara zafi, ƙishirwa ta ƙi barinsa. A asibiti aka ce ciwon sukari ne, aka raba shi da cokulansa uku.

Gidan ya zama abin da ya zama. Inna ta kawo jabana ba sukari, ya kurɓa ya tofar, ya ce ruwan darbejiya aka jiƙa masa. Ya yi faɗa da rediyo, ya yi faɗa da kaji, ya yi faɗa da ni a kan yadda nake tafiya. Rana ta biyar Inna ta tafi ta'aziyya, Baba yana kwance a kan angarib, gadonsa na igiya, a rumfa ya juya wa duniya baya. Sai Yaya Lado ya leƙa tsakar gida, ya leƙa rumfa, ya faɗa madafa kamar ɓarawo.

"Ina zumar tarin nan ta Inna?"

Na ɗauko masa kwalbar daga bayan buhun gero. Zumar Habasha ce, baƙa, mai kauri, Inna ba ta fito da ita sai wani yana tari.

Ban taɓa ganinsa haka ba. Tun da ya dawo yake zaune shiru kamar baƙo, amma da ya tsuguna gaban gawayi sai hannuwansa suka farka. Ya soya 'ya'yan gahawa har suka fi na Inna duhu, suka fara fitar da mai. Ya ce in daka su da laushi, kada in sa citta. Ya tafasa garin da ruwa ɗan kaɗan, ya tace, ya fito baƙi ƙirin bai cika finjali biyu ba. Ya sa zuma cokali ɗaya a gindin kofin gilashi, ya zuba gahawar da zafinta, ya juya har zumar ta narke. Sannan ya ɗora madara a kan wuta, yana taɓa jikin tukunyar da bayan yatsa.

"Kada ta tafasa," ya ce. "In ta tafasa ta zama madarar shayi."

Ya sauke, ya tsaya yana waige-waige. A Khartum inji ne ke busa madarar ta yi kumfa. A madafarmu babu inji, wutar lantarki ma kwananta biyu ba ta leƙo ba. Idonsa ya faɗa kan maburgin da Inna ke kaɗa miyar kuɓewa da shi. Ya wanke shi sau uku, ya sa a madara, ya murza tsakanin tafukansa har zufa ta keto masa. Kumfa ta taso, mai laushi, ba manyan idanu. Ya juye a 'yar butarsa, ya buga gindinta a ƙasa sau biyu, ya karkata kofin. Ya fara zubawa daga sama, sannan ya sauko da bakin butar har ya kusa taɓa gahawar, yana ɗan kaɗa hannu. Da ya ɗaga, ga farin ganye kwance a kai, da jijiyarsa a tsakiya.

"Kai masa," ya ce.

Baba ya tashi zaune ya daɗe yana kallon kofin.

"Wannan kunun jinjiri ne?"

"Gahawa ce, Baba. Ba sukari a ciki, zuma ce."

"Zuma ai magani ce," ya ce, ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Bai ajiye ba sai da ya ga gindin kofin, kumfa ta yi masa fari a gashin baki. "Wa ya yi?"

Na dubi ƙofar madafa. Ba motsi.

"Ni ce, Baba."

Saboda haka in ana neman wanda ya yi ƙarya a gidanmu, ni ce.

Inna ta gane tun da yamma, da ta shinshina maburginta. Ta dubi Yaya Lado, ta dube ni, ta ce duk wanda ya taɓa mata kaya ya mayar inda ya ɗauka. Daga ranar kullum da hantsi sai ta tuna tana da shanya a bayan gida.

Baba ya warke daga faɗa. Kofi ɗaya ya koma biyu, cokalin zuma ɗaya ya koma biyu, tunda magani ba ya yawa. Ya fara gayyato abokansa rumfa su ga ganyen da 'yarsa ke zanawa a kan gahawa. Baffa Wada, amininsa tun na makarantar allo, ya ce shi ya je Kasala ya je Madani bai ga irin hannuna ba. Ba zan ɓoye ba, yabon ya yi mini daɗi. Har na fara jin haushi idan ganyen ya ɗan karkace.

A lokacin Gadarif ta cika da mutanen Khartum. Makarantar firamaren unguwarmu an rufe ta, kowane aji iyali biyu ko uku ke kwana ciki. A masallaci Baba ya haɗu da ɗaya daga cikinsu, Ustaz Husaini, wanda aka ce shi ke riƙe da wani babban kamfanin kayan gini kafin yaƙi. Baba ya dawo gida yana murna.

"Gobe zai zo," ya ce wa Yaya Lado. "Ka sa farar jallabiya. Mudir da mudir, ku kuka san yaren juna. Ke kuma Atika, ki yi mana irin wadda ba a taɓa yi ba."

Yaya Lado bai tambayi sunan baƙon ba. Da safe ya sa farar jallabiya, ya naɗe hannuwanta, ya shiga madafa ya yi kofi uku, har da na Baffa Wada. Na ɗauka a tire na kai rumfa.

Ustaz Husaini dogo ne mai furfura, rigarsa wankakkiya amma ba guga, takalmin roba a ƙafarsa. Ya karɓi kofin ya yi godiya, sannan ya dubi abin da ke kai. Ya kurɓa, ya rufe ido, ya riƙe kofin da hannu biyu. Da ya buɗe idon akwai ruwa a ciki.

"Wa ya yi wannan, ya Haj?" ya tambaya da Larabci.

"'Yata ce. Ga ta nan. Ba wanda ya koya mata."

Baƙon ya juyo gare ni da ladabi. Ya ce ya ga ganye iri-iri a kan gahawa, amma mutum ɗaya ya sani da ke lanƙwasa wutsiyar ganyen hagu. Ya tambaye ni yadda na samu kumfa irin wannan ba inji. Na ce da maburgi. Ya tambayi zafin madarar. Na ce daidai. Baba ya ga hirar ta karkata wajen mata, sai ya ɗaga murya ya kira ɗansa ya zo ya gaida abokin aikinsa.

Yaya Lado ya fito daga wajen da bai kamata ya fito ba, da toka a gefen jallabiya. Ya ga baƙon ya tsaya cak. Ustaz Husaini ya ajiye kofi, ya miƙe, ya rungume shi ya daɗe bai sake shi ba.

"Kun san juna ke nan," Baba ya ce wa Baffa Wada, yana gyara hula. "Na faɗa maka."

"Ya Haj, shekara huɗu ban fara aiki ba sai na sha daga hannun ɗanka," in ji Ustaz Husaini. "Ranar da yake hutu ba na shiga shagon. Gidana ya tafi, motocina sun tafi, ban yi kuka ba. Yau na ga ganyen nan."

Baffa Wada ya duƙa yana nazarin kofinsa kamar an rubuta wani abu a ciki.

"Wane shago?" Baba ya tambaya.

"Na gahawa, Baba," Yaya Lado ya ce da Hausa, a hankali. "Rassa bakwai ne da gaske. Ni ne a kan injin."

"Direban fa?"

"Ban taɓa cewa ina da direba ba."

Ina ganin Baba yana laluben ranar da aka gaya masa, bai same ta ba. Ya raka baƙonsa har ƙofa da mutunci, ya dawo ya kwanta a angarib. Kwana biyu bai yi wa Yaya Lado magana ba. Ni ya ce mini in daina bi ta gabansa. Jabanar Inna mai ɗaci ya sha, yana yamutsa fuska.

Rana ta uku ranar komawarsa asibiti ce, ni na raka shi. Likitar, wadda ita ma daga Khartum yaƙi ya koro ta, ta dubi takardar gwaji ta dube shi.

"Ya Haj, sukarinka ya fi na wancan karon. Me kake ci?"

"Wata biyu ban ga ƙwayar sukari ba. Zuma kawai."

"Nawa?"

Ya juyo ya dube ni. Na ce cokali huɗu a rana, ranar baƙi shida. Likitar ta cire tabarau ta yi masa bayani cewa a cikin jini zuma da sukari hanyarsu ɗaya. Baba ya ce zuma tana cikin Alƙur'ani. Ta ce ta sani, ita ma tana karantawa, amma ba a ce cokali shida ba. Kafin mu fita ta tsayar da ni ta tambaya a hankali, wai gidanmu ne ake yin latte? Ustaz Husaini ya baza labari a makaranta.

Da muka iso gida mutum huɗu muka tarar a ƙofa, sun jingina da katanga suna jin kunyar yin sallama. Ɗaya tsohon alƙali ne, ɗaya malamin jami'a, sauran biyun ban san aikinsu ba amma takalmansu sun taɓa ganin ofis. Alƙalin yana riƙe da kwalbar madara, malamin da ƙullin 'ya'yan gahawa. Suka gaida Baba, suka tambaya ko nan ne gidan Usta Lado, wato gwani Lado.

Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi kowa aikinsa, ya sa alƙalin ya maimaita. Sannan ya shiga gida ya tsaya a tsakar gida ya kira ɗansa, karon farko a kwana uku.

"Namiji ba ya zama a madafa," ya ce. "Fito da gawayinka waje, ƙarƙashin darbejiya. Mutane suna jira."

Haka aka fara. Kafin a yanke riɗi, kujeru goma sha biyu ne a ƙofar gidanmu kowace safiya, Baba a tsakiyarsu. Nasa kofin madara ce da gahawa, ba zuma, yana sha yana ƙorafi. Idan sabon baƙo ya zo, shi ke yi masa bayanin cewa madara ba ta son tafasa, kuma cewa shi ya ga baiwar yaron tun yana ƙarami, shi ya sa ya bar shi ya tafi Khartum. Baffa Wada yakan gyaɗa kai. Ni ba wanda ya sake tambayar hannuna, sai daka.

Ustaz Husaini ba ya fashi. Wata safiya ya ce wa Baba zaman banza zai kashe shi, ko za a bar shi ya riƙa wanke kofuna. Baba ya ce zai yi shawara. Ya sa shi ya wanke guda ɗaya a gabansa, ya ɗaga kofin a rana, ya nuna masa inda ya bar kumfa a baki. Ya ce za a gwada shi na mako guda. A makon ya fasa kofi biyu, amma Yaya Lado ya roƙa masa, aka bar shi.