Tafiyar Safiyanu

A duk unguwar Zango ba wanda Habu tela yake jin haushi kamar Safiyanu ɗan kabu-kabu, kuma ba don ya taɓa yi masa laifi ba. Tafiyarsa ce kawai. In Safiyanu ya kafe moto a bakin gudron, wato titin kwalta, ba ya takowa kamar sauran bayin Allah. Sai ya gyara tabarau, ya karkace kafaɗa, ya jefa ƙafar dama gaba, sannan ya jawo ta hagun a hankali, sai ka ce layin na ubansa ne. Samarin fada, majalisar masu shan shayi, su ɗauka: "Mai Nasara! Taka sannu, ƙasa taka ce!"

Habu bai daɗe da zuwa daga Droum ba, kuma yana hangen komai daga bayan keken ɗinkinsa. Da ihun samari ne kaɗai, da ya haɗiye. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne Wasila mai awara, wadda ke suya da la'asar daura da shagonsa. Ya yi watanni yana sayen awarar da ba ta dame shi ba, a tsaye yake ci, a tsaye yake sallama. Amma da Safiyanu ya doso, sai ta miƙe zumbur, ta kakkaɓe kujerarta 'yar tsugunno ta tura masa, ta ƙarasa suyar a durƙushe. Kishi ya ci Habu har ya fara ɗinka aljihu a baibai.

Ya zauna ya auna kansa da mutumin. Tsawo ya fi shi, sana'a ya fi shi, haƙora ma nasa sun fi fari. To me ya rage? Tafiya. Ai tafiya ba gado ba ce, in ji shi. Ya riƙa sakin labulen shago da azahar yana gwadawa gaban madubi. Tela ne, idonsa ba ya kuskuren awo. Har ɗan cizon leɓen da Safiyanu ke yi in ya taka sai da ya kwashe.

Ran Juma'a ya sa sabuwar shadda, ya zagaya ta baya don ya ɓullo daga bakin gudron. Safiyanu na zaune kan kujerar, samari na kewaye da butar shayi. Habu ya karkace ya taho. Yana jiran kirari, sai ya ji wurin ya yi tsit. Ya ɗauka kwarjini ne, ya ƙara jan ƙafar.

Wasila ta ajiye cokalin suya.

"Malam Habu, me ya yi maka?"

"Wa?"

"Yaya Safiyanu. Mutum ya yi aksidan a hanyar Gidimuni, lokotoro a asibiti ya sa mishi ƙarfe a cinya, kullum da ciwo yake takawa, bai taɓa ce ma kowa wash ba. Shi ne za ka zo gaban jama'a kana kwaikwayonshi? Har da cizon leɓe?" Ta nuna shi da yatsa. "Ni da nake ce ma innata duk layin nan ba mai hankalinka."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi yi masa ciwo. Ashe tana kai zancensa gida. To me zai ce? Cewa ba ba'a yake yi ba, hassada ce?

Safiyanu ya dafa bango ya miƙe, ya cije leɓe, ya tura kujerar da gefen ƙafa.

"Ƙyale shi, ƙanwata. Zauna, tela, ka huta. Tafiyar nan akwai gajiyarwa, ni na sani."

Habu bai zauna ba. Wasila ta koma kan kaskonta, ko ɗago kai ba ta sake yi ba. Ga shagonsa can a tsallake, ga idanun fada duk a kansa. Ya juya zai tafi, ya rasa da wace ƙafar zai fara.