Tantin Bakin Rafi

"Ba zan cire ba, Baba."

Virtue ta faɗi haka tana durƙushe da guduma a hannu, taɓo ya rufe takalmanta har idon sawu. Dattijo Dung, mahaifinta kuma shugaban kwamitin zangon, ya tsaya a kanta yana duban turakun da ta gama kafawa. Tun safe ya sanar cewa bana kowa zai kafa tantinsa a kan tudu, domin kwamiti ya amince a sayar da gefen rafi ga masu gina gidajen hutu. Kowa ya bi, ban da koren tantin nan mai faci na Mama Catherine.

Filin yana bayan garin Birmingham. Duk bazara 'yan cocin Adventist na Birmingham da Manchester sukan taru a cikinsa mako guda, su yi waƙa da addu'a, su kwana a tantuna. Sauran filayen da suka saba zuwa duk an gine su, wannan kaɗai ya rage. Tun tana ƙarama Virtue take mitar taɓon wurin, tana tambayar abin da ya sa ake kwana cikin laka alhali ga tudu a bushe. Sai da ta shiga jami'a tana karatun tarihi, ta zauna da Mama Catherine, tsohuwar nas da ta baro Jengre tana budurwa, sannan ta ji dalili.

Manomin da ya fara ba su hayar filin ya ce ba ya son ganin baƙar fata kusa da gidansa, su sauka bakin rafi. Catherine da ƙawayenta 'yan Jamaika suka ja tantinsu cikin ruwan sama zuwa bakin rafin. Da gari ya waye suka leƙo, sai ga zangon gaba ɗaya ya sauko, Turawa da jariransu da tukwanensu, tudu ya zama wayam. Daga baya cocin ya sayi filin, amma babu wanda ya sake hawa tudu.

Dung ya san labarin. Ya kuma san rufin ɗakin taro yana yoyo, hukumar gari ta ja musu kunne a kan banɗakuna, in ba a sayar da rabi ba duka zai iya suɓucewa. Ya sake yi wa Virtue wannan bayani da murya ƙasa-ƙasa. Ta ce to a sayar da tudun. Ya ce masu saye ruwa suke son kallo.

"Dung," in ji Mama Catherine daga kujerarta, bargo a gwiwa, "a nan ka koyi kafa turke kana ɗalibi. Ka doke yatsa, ka yi ta ihu har 'yan Manchester suka zaci an yanka akuya."

Bai yi dariya ba. Ya ɗaga kai ya dubi rana. Juma'a ce, kuma su ukun sun san da zarar ta faɗi an shiga Asabar, ranar hutun ibadarsu, babu mai taɓa turke sai gobe da yamma, bayan baƙi sun cika filin sun ga tanti guda a bakin rafi.

"In rana ta faɗi tantin nan yana tsaye," ya ce, "kin sauka daga shugabancin matasa. Kuma ki sani kin kunyata ni a gaban dattawa."

"Na ji, Baba."

Ta zauna a kan igiyar tantin. Ranar bazarar Ingila ba ta gaggawa; ta yi ta jan ƙafa a saman itatuwa, sanyin laka yana ratsa siket ɗinta. Samarin da aka turo daga tudu su cire tantin suka tsaya nesa suna sosa ƙeya. A ƙarshe Dung ya sunkuya da kansa ya kama turke ɗaya. Yana riƙe da shi ƙararrawar buɗe Asabar ta kaɗa. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya saki, ya goge hannunsa a wando, ya hau tudu bai waiwayo ba.

Washegari motocin Manchester suka iso. Yara suka gangaro suna tambaya da Turancinsu me ya sa Granny Catherine take kwana cikin taɓo, ita kuwa ta wuni tana ba su amsa. Bayan su iyaye suka biyo da kujeru. Kwamiti bai soke cinikin ba, ya dai ɗage shi zuwa baɗi.

Ranar Lahadi Dung ya loda motarsa ya tafi bai kira 'yarsa ba. An ba wata shugabancin matasa. Rufin ɗakin taro yana nan yana yoyo, wasu kuma a coci suna cewa in filin ya salwanta, Virtue ce sila. A gidansu da ke unguwar Perry Barr takan durƙusa kowace safiya ta gaishe shi, ya ce "Lafiya" idonsa a kan shayinsa. Har sanyi ya shigo, bai sake kiran sunanta ba.