Jakunkunan Dogo

Sista mai jinya ta kife kwalin jakunkunan roba a kan tebur ta bubbuga gindinsa don ya gani da idonsa. Ba abin da ya faɗo sai gutsuren leda.

"Ka gani ko, Mai Aski? Ba ɓoyewa nake yi ba. Kamfanin da ke kawo mana ya ce kayan sun maƙale a hanya. Yau su ce jirgi, gobe su ce takardu. Ko safar hannu sai mun roƙo daga ɗakin haihuwa."

Mai Aski ya dafa gefen cikinsa na hagu. Tun da aka yi masa aikin hanji bara, likita ya buɗe masa 'yar kafa a wurin, ta nan bahaya ke fita ya zuba a jakar roba da ake mannawa a fata. Wadda ke jikinsa ita ce ta ƙarshe, gam ɗinta kuma ya soma saki. Ya zaga shagunan magani har ƙafafunsa suka gaji, kowa sai ya ce babu. Ga shi sana'arsa tsayuwa ce dab da hancin mutane, shi ya sa ya kulle shago ya zauna a gida.

Sista ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Ka ji Dogo ya rasu?"

"Dogo direba? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Dogo shi ne mai ba su dariya a layin asibiti. Shi ya raɗa musu suna ƙungiyar masu jaka, ya naɗa kansa shugaba.

"Shekaranjiya, zuciya ce ta buga," in ji Sista. "A tafiyarsa ta ƙarshe ya sayo kwali guda na jakunkunan, ya gaya mini da bakinsa. Ni dai ban ce ka je ba."

A cikin bas ya zauna jikin taga, ya tare gefensa da gwiwar hannu kada a buge shi. Ya yi ta juya maganar a ransa. Da wane baki zai shiga gidan makoki ya nemi kayan mamaci? Ya ce wa kansa gaisuwa kawai zai yi, Dogo ya cancanci wannan. Amma ya san ba gaisuwa kaɗai ta hau da shi motar ba, kuma sanin hakan ya fi kunyar ciwo.

A ƙofar gidan an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin rumfa. Ya yi sallama, aka yi addu'a, ya nemi gefe ya zauna. Da ya ɗaga kai sai ya yi ido huɗu da tsohon nan mai gyaran rediyo, wanda suke bin layi tare. Kusa da shi ga malamin firamare, shi ma ɗan layin ne. Kowannensu hannu na dafe da gefen ciki.

Malamin ya sunkuyar da kai. Tsohon kuwa ya matso ya raɗa masa, "Kai ma Sista ba ta ce ka zo ba ko?"

Dariya ta taso wa Mai Aski, ya mayar da ita tari.

Ƙanen mamacin ya zo ya ba su hannu ɗaya bayan ɗaya. "Yaya mutumin mutane ne," ya ce. "Ga aminai har ba mu san su ba. A tasha kuka saba?"

"A wajen jira," in ji tsohon.

Suka zauna har rana ta karkata. Jama'a na zuwa suna tafiya, su kuwa ba wanda ya iya tashi, ba wanda ya iya buɗe baki. Mai Aski ya ji danshi na bin fatarsa a ƙarƙashin riga. Ya yanke shawarar tafiya hannu sake, ya fara laluben takalminsa ke nan sai ƙanen ya dawo ya ce matar yayansa na son gaisawa da su a baranda.

Tana tsaye bayan labule, idanunta sun kumbura. Ta jira ƙanen ya koma, sannan ta yi magana.

"Tun ɗazu nake kallonku ta taga. Haka marigayi yake zama, a karkace." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ko 'yan uwansa ba su sani ba. Ni kaɗai nake wanke masa, nake canja masa. Kwalin nan ya hana ni sukuni, na rasa wanda zan tambaya inda zan kai shi."

Ta turo shi da ƙafa, a naɗe cikin tsohon zane.

"Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙuri," in ji Mai Aski.

"Amin. Ku bi ta ƙofar baya."

A lungun bayan gida suka tsuguna suka raba, ɗaya gare ka, ɗaya gare ni, kamar masu rabon gado. Malamin ya cusa nasa cikin jakar littattafai. Ba wanda ya tambayi yaushe kaya za su iso asibiti, ba wanda ya faɗi abin da za a yi in waɗannan sun ƙare.

A gida, matarsa ta ɗumama ruwa ta taimaka masa ya wanke wurin ya manna sabuwa. Ya jera sauran a aljihun durowa, ya daɗe yana kallonsu.

"Maman yara," ya ce, "in Allah ya yi tawa ta zo ana cikin wannan hali, za ki ga wasu mutane sun zauna a gefen tabarma sun ƙi tashi. Kada ki bar su su daɗe. Ki aika musu da wuri."

Ta buɗe baki za ta yi masa faɗan mugun fata, sai ta fasa. Ta ajiye butar, ta zauna a bakin gado.

"To faɗa mini kamanninsu," ta ce.