Kalmomi Biyar na Ɗantala

"Always!" Ɗantala ya faɗa da ƙarfi yana dukan sitiyari, har akuyar da ke ɗaure a but ta amsa masa.

Fasinjoji suka kwashe da dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Shekara goma sha tara yana jigila tsakanin Maraɗi da Jibiya da wannan tsohuwar mota, kuma bakanike ya riga ya gaya masa injinta ba zai ga damina ba. Sai ga wata ƙungiya mai kai wa yara magani a ƙauyukan bakin iyaka tana neman direba. An ce da Ingilishi za a yi ganawar, yau da hantsi. Ɗantala kuwa aji huɗu ya yi a lakwal, makarantar bokon Nijar, Faransanci yake ji.

A kujerar gaba Malam Abbas ne zaune, tsohon malamin Ingilishi da ya yi ritaya. Mako uku ke nan yana koya masa, yau ma da sassafe ya tsallaka iyaka har Ɗan Isa don su yi bitar ƙarshe a hanya. Dabararsa ɗaya ce: duk tambayar da ake yi wa direba ba ta wuce sau nawa kake yin kaza, don haka kalma biyar ta isa.

"Maimaita," in ji Malam.

"Always, kullum. Usually, galibi. Sometimes, wani sa'in. Rarely, jefi-jefi. Never, ko da wasa!"

"In abin kirki aka tambaye ka?"

"Always."

"In abin tsiya ne fa?"

"Never!"

Wata tsohuwa daga baya ta kakkaɓe zanenta ta ce, "To direba, kana wanke motar ga kuwa?"

"Rarely, Inna."

Malam Abbas ya yi ta tafi kamar shi aka bai wa aikin.

A shingen Magama wani jami'i da ya san shi ya leƙo, ya ga sabuwar shadda da takalmi sau-ciki. "Ɗantala, aure za ka ƙara ne?"

"Sometimes!" in ji Ɗantala. Jami'in ya ɗaga sanda yana riƙe da ciki.

Ya sauke fasinjoji a tasha, ya bar Malam a teburin mai shayi, ya nufi ofishin ƙungiyar yana jin kamar ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Mata biyu ya tarar a bayan tebur: wata Hauwa'u mai rubutu, da shugabar, doguwar mace baƙuwa mai tabarau, wadda kowa ke kira Madam.

Madam ta yi tambayar farko. Ya tsinci "how often", ya tsinci "oil".

"Always!"

Ta biyu, ya ji "sleep" da "driving".

"Never!"

Ta uku a kan birki ce, ya ba ta always tun ba ta rufe baki ba. Ta gyaɗa kai. Daɗi ya cika shi, har ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya don a ga takalmin.

Sai ta ce, "How often do you rest?"

Shi kuwa "arrest" ya ji. Wannan kalma ya san ta, ita 'yan sanda suke faɗa in za su kama mutum. Ya miƙe tsaye, ya dafa ƙirji.

"Never, Madam! Never, never!"

Ta cire tabarau. Ta sake tambaya a hankali, ya sake rantsewa. Hauwa'u ta ajiye biro, kafaɗunta suna rawa don dariya, ta ce:

"Malam, hutu take nufi. Cewa ka yi ba ka taɓa hutawa."

Kalmomin biyar suka watse daga kansa lokaci guda. Ya buɗe baki don ya gyara, abin da ya fito Faransanci ne, yana bayanin cewa shi kamu ya ji, kuma wallahi ko jandarma ɗaya bai taɓa riƙe parminsa na tuƙi ba.

Madam ta ƙura masa ido, sannan ta amsa masa da Faransanci mai santsi. Ashe 'yar Kamaru ce. Ta ce wata biyu suna neman wanda zai iya magana da ma'aikatan tsallake, duk masu zuwa Ingilishi suke kawo mata. Ya san hanyar Madarunfa? Ya ce har ramukanta ya sani. Daga nan ganawa ta koma hira, rabin sa'a suna yi, tana dariya tana share hawaye. A ƙarshe ta ce ya zo ran Litinin ya karɓi makullin farar motar da ke waje.

Da ya fito sai da ya zagaya motar sau biyu, ya shafa mata madubi.

Malam Abbas yana nan inda ya bar shi, shayinsa ya huce bai kurɓa ba. Yana hango shi ya tashi, hularsa a hannu.

"Yaya? Sun tambayi how often?"

"Sun tambaya, Malam. Na samu."

"Allahu Akbar! Wace kalma ce ta fi yi maka aiki?"

Ɗantala ya dubi tsohon, ya ga yadda ya zuba masa ido yana jira. Ya ja benci ya zauna.

"Duka biyar ɗin, Malam. Madam cewa ta yi ba ta taɓa jin irinsa ba."

Kafin mai shayi ya gama soya ƙwai, Malam ya ba tasha labari sau uku, kuma direbobi huɗu sun ce za su fara ɗaukar darasi gobe bayan la'asar.