Kirya a Tsakar Bazara

"Yanke igiyar nan, Ɗalhatu," in ji Manu. "Ruwa na bisa hanya."

Ɗalhatu bai ɗago ba. Yana durƙushe cikin ƙoramar, yana kwashe yashi da hannu biyu daga ƙarƙashin gungumen kiryar da ya nutse har rabi. Bijiman Manu guda biyu, waɗanda aka ɗaura wa gungumen da igiyar rama, sun ja har sun gaji, sun tsaya suna huci. A nan sama fes take, rana kamar ta narkar da dutse. Amma can gabas, inda baƙin hadari ya tsaya tun hantsi, an yi ruwan fari, ga kuma ruguginsa nan yana gangarowa cikin busasshiyar ƙoramar da ta raba dajin Rawayau da hanyar Dutsin-Ma.

"Ka ji ni kuwa? Shanun garma ne hwa. In ruwa ya tahi da su, da mi zan yi huɗa bana?"

"Kwance abinka," in ji Ɗalhatu. "Amma ka bar mini igiyar."

Manu ya zare igiyar daga karkiya, ya kora shanun suka haye gaɓar Dutsin-Ma. Ɗalhatu ya bi su da gudu, ya nannaɗe bakin igiyar a gindin wata ɗinya da ke bakin gaɓa. Da ya waiwaya sai ya ga ƙullin da ke jikin gungumen ya sassauta, yana shirin zamewa ta wajen tsinin. Ya diro ya koma.

"Kai Kaɗo, itace ne fa, ba ɗan mutum ba," Manu ya kira shi.

Ya ja ƙullin ya tsuke ke nan ruwan ya ɓullo ta kwana, ja kamar kunu, ɗauke da kara da kashin shanu. Ya buge shi a gwiwa, ya hau ƙugu. Ɗalhatu ya faɗa bisa gungumen ya rungume shi, ya rufe ido.

Abin da ya fara ji shi ne sanyi. Rabonsa da jin sanyi a fatarsa tun kafin kanya ta ƙare a kasuwa. Maimakon tsoro, sai ya ga kansa tsaye a ƙofar gidan surukarsa Gogo, can gindin dutse, da safiyar tsakiyar dari, ya ƙudundune cikin gwado. Tururi na tashi ta bayan danga daga wata babbar tukunya. Yana jin ƙarar ganyen tsamiya ana tsoma shi cikin tafasasshen ruwa ana fyaɗawa. Ƙamshin kunun kanwa ya cika unguwa. A cikin ɗaki kuma ga gadon ƙasa, an zuba masa garwashin kirya ta kafar da ke ƙasa, ja wur, ba hayaƙi, irin wanda ke wuni yana ci a hankali. A bisa gadon matarsa Turai ce kwance, da wani ɗan abu naɗe cikin zane a gefenta.

Abin da ya fito da shi daji ke nan a watan da ko kare ba ya barin inuwa. Sun daɗe da aure shi da Turai, ba ko ɓatan wata. Kwanan nan kuwa ta daina jure warin daddawa, ta koma tsotsar tsamiya, tana gyangyaɗi bisa turmi da hantsi. Ba ta ce komai ba, shi ma bai tambaya ba. Ciki na fari ba a maganarsa, saboda kunya, saboda kuma bakin mutane. Sai dai ya yi lissafinsa a zuci, ya ga abin zai faɗo daidai tsakiyar dari. Haihuwar fari gidan iyaye ake yi, itacen wankan jego kuma a wuyan miji yake. Wanda ya kai wa surukai ƙirare da kara, har ɗan ya yi gemu ana ba da labarinsa. Da damina ta zauna kuwa, noma zai riƙe shi, ƙorama ta cika, kafin kaka kuma maƙera sun gano wannan matacciyar kirya sun mayar da ita gawayi.

Gungumen ya motsa a ƙarƙashinsa. Ruwa ya kwashe yashin da ya riƙe shi, ya ɗaga shi. Igiyar ta miƙe tana ƙara, ɗinyar ta girgiza, amma ba ta saki ba. A hankali gungumen ya juya da shi, ya karkata, ya je ya daki gaɓar Dutsin-Ma. Manu ya saƙalo wuyan rigarsa da sanda ya jawo shi tudu.

Ya daɗe kwance rigingine yana amayar da ruwa, yana kallon ganyen ɗinya. Manu ya sake ɗaura wa shanun igiya, suka fizgo gungumen ya hau tudu, sannan ya zo ya zauna kusa da shi, ya kwance goran furarsa.

"Na ga mahaukata iri-iri a kasuwar Kurfi," in ji shi, "amma ban taɓa ganin mai jin dari da gumi a goshi ba sai kai."

"Ba ka san daɗin dari ba, ɗan Fulani."

"Wane daɗi? Kaushi ya tsage maka diddige, nono ya ƙahe, ka tashi tatsa yatsu sun ƙi lanƙwasuwa. Ni ka ba ni damina. Ka fito da safe ciyawa ta jiƙa maka wando har gwiwa, saniya ta sha ruwa duk inda ta juya, ƙwarya ta cika har ka rasa wanda za ka ba."

"Daminar da mutum ke wuni a duƙe? Rumbu ya yi ƙasa, sauro ya sha sauran." Ɗalhatu ya karɓi goran, bai sha ba, ya ɗora shi bisa ƙirjinsa. "Dari kuwa an gama komai. Hatsi na rumbu, fartanya na rataye. Da magariba ka tura gungume ɗaya cikin murhu, ka binne gyaɗa a toka. Ka duba yanzu, zafi ya sa kowa gudun ɗan'uwansa yake, ko tabarma ba a son haɗawa. Amma bari sanyi ya sauka, wanda kuka yi faɗa da shi ma matsowa yake, ya miƙo tafin hannu."

"Ita uwargidan taka fa, wanne take so?"

"Kaka. Wai saboda tumu da ɗanyar gyaɗa." Ya yi murmushi shi kaɗai. "Bana dai ba za ta yi kukan sanyi ba."

Manu ya dube shi ta gefen ido. "Af, na ce ba. Murhunka na Rawayau. Mi ya sa tun safe muke jan abin nan muna ba Rawayau baya?"

Ɗalhatu ya kafa kai cikin gora. Manu ya ɗan jira, sannan ya miƙe ya je yana shafa tozon jan bijimin, yana yi masa magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, yana dariya. Bai sake tambaya ba.

Kafin su kai rabin hanya rigar Ɗalhatu ta bushe ƙayau. Gungumen na tafe bayansu yana jan dogon layi a ƙasa. Ƙasar na walƙiya saboda zafi, duwatsun Dutsin-Ma suna rawa a nesa kamar an aza su bisa ruwa. Shi kuwa Ɗalhatu ba ya nan. Yana can wajen mahauta yana zaɓen ƙafafun saniya na ƙaurin mai jego. Yana can yana tunanin ko za a bar shi ya leƙa fuskar jaririn, ko sai ya yi ta sunkuyar da kai har ranar suna.

Da la'asar sakaliya suka shiga gari. Nan ne ya fara farkawa. Masu hira a gindin durumi suka bi su da ido. Mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya da tuluna a kai. Da shanun suka karya kwana suka tsaya daidai ƙofar gidan Gogo, sai Sakinatu, maƙwabciyarta mai tuyar ƙosai, ta bar kaskonta ta fito tsakiyar hanya, tsinken tuya a hannu.

"Wa nake gani kamar mijin Turai? Sannu da rana, angon da bai tsufa." Ta zagaye gungumen, ta ƙwanƙwasa shi da ƙafa. "Kirya ce hwa. Kirya a ƙofar surukai. Hasana, zo ki taya ni gani. Ashe abin ya samu?"

Wadda aka kira Hasana ta ajiye tulunta, ta fara lanƙwasa yatsu tana motsa baki. Wata kuma a baya ta ɗaga hannu za ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa.

Sai yanzu Ɗalhatu ya ga abin da ya yi. Duk shirun da ya yi, ko Manu bai gaya wa ba, sai ga shi ya jawo maganar da shanu biyu ya ajiye ta a bainar jama'a. Itacen jego sai ciki ya tsufa ake kai shi, lokacin da ba sauran abin ɓoyewa. Shi tunanin ƙorama da maƙera kawai ya yi. Yanzu kafin magariba duk unguwa za ta ɗauka, ranar kasuwa ta isa Kurfi, ta isa kunnen Turai. In kuma baki ya kama abin, ko kuma tun farko babu komai, tsamiyar ce kawai take sha'awa fa?

"Wane ne ke tara mini mutane?"

Muryar Gogo ce daga bayan zanan da ya tsare ƙofar gida. Ɗalhatu ya zare takalmansa, ya matsa ya durƙusa nesa kaɗan, kai a ƙasa.

"Ni ne, Inna. Barka da yamma."

Ta leƙo ta tsakanin zanan. Ta dubi gungumen, ta dubi matan, ta dubi busasshen taɓon da ke kunnen surukinta. Sai ta fito gaba ɗaya, tana dogara taɓarya, tana jan ƙafar hagu yadda ba wanda ya taɓa ganin ta ja.

"Alhamdu lillahi, saƙona ya isa," ta ce da ƙarfi. "Tun darin bara nake kukan gwiwar nan, duk garin nan ba wanda ya kawo mini ko tsinke. Sai ɗan mutane daga Rawayau. Ke Sakinatu, ɗiyanki maza nawa, wanne ya taɓa faso miki kirya?"

"Au, na gwiwa ne, Gogo?"

"Na mi kike so shi zama? Koma ga kaskonki, ga shi can yana ƙauri."

Aka yi dariya. Hasana ta sauke yatsunta ta ɗauki tulu. Mai guɗa ta sosa hanci ta wuce. Sakinatu ta koma tana waiwaye, ba ta gamsu ba, amma ba ta da abin kamawa.

Gogo ta juya kamar za ta shige, ta tsaya daidai bakin zanan, ta ba shi baya. Maganar da ta yi, sai wanda ke durƙushe kusa ne zai ji.

"Wa ya aike ka, ɗan nan? Kana so a cinye mini ita da baki?"

"Na yi kuskure, Inna."

"Ka yi. Yanzu ka sa ni ɗingishi har dari." Ta gyara riƙon taɓarya. "Wannan na ƙarƙashin gado ne. Na tukunya daban, marke ake so. Ka bari sai an yi kaka, ka kawo shi a faskare bisa jaki kamar kowa. In ka koma, akwai tsamiya da na ƙulle mata. Kada ta ɗauki tulu, kada ta yi surfe."

Ta shige. Ɗalhatu na nan durƙushe. Ashe gaskiya ne. Zafin nan duka yana nan, ƙasa na ƙona masa gwiwa, gumi na bin bayansa, amma shi iskar safiyar dari yake ji tana ratsa shi, har ya ɗaga tafin hannunsa ya miƙa wajen gungumen kamar an riga an hura shi.

"In ka gama jin ɗumin," in ji Manu, "zo mu gangara da shi jikin danga, shanuna na son ruwa."

Sun kama ke nan suka ji ƙararrawar keke a bayansu. Wani dogon mutum ne da ba su taɓa gani ba, sanye da kaki da jar dara, ƙafafun wandonsa a ɗaure da igiya, duk sun yi taɓo. Ya sauka ya jingine keken. Bai dube su ba, layin da gungumen ya ja a ƙasa yake bi da ido, daga bakin hanya har ƙofar gida. Ya tsuguna wajen gindin itacen, ya zaro wuƙa ya kankare busasshen taɓo. Wani ɗan hatimin hukuma da aka buga da guduma ya bayyana a jikin kiryar.

Sai a lokacin ya yi sallama.

"Ni ne sabon malamin daji," ya ce, yana goge wuƙar a wandonsa. "Tun daga bakin ƙorama nake bin sawun nan. Kada kowa ya sa wa itacen nan gatari. Cikinku wane ne mai shi?"

Bayan zanan, ɗingishin Gogo ya tsaya cak.